Wata biyar bayan na sa wa tsohuwar kwamfutata sabuwar ma'ajiya ta SSD a wani shago kusa da Terminus

Aikina riƙe lissafi ne. Kawuna dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos, yana sayen dankalin turawa a hannun manoman Bokkos da Mangu, da kabeji da karas idan kakarsu ta yi, ya loda wa motoci zuwa Legas da Fatakwal. Ni ke rubuta buhu nawa aka sauke, wa aka sallama, wa ya ɗauki kaya bashi, nawa aka ba direba na mai da na hanya, nawa 'yan dako suka karɓa. Shekara huɗu ke nan da na ajiye babban littafi na koma Excel, a kan wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya a hannun wani ɗalibin Jami'ar Jos da ya gama karatu zai koma garinsu. Shi ma gwanjo ya saye ta. Ba ta a-zo-a-gani ba ce: furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin aikin) Core i3 zubi na shida, ram (wurin riƙe aikin da ake cikin yi) 4GB, faifan ajiya 500GB. Amma ta rufa mini asiri, kuma duk sisin da ya shiga ko ya fita a rumfar Kawu tun daga lokacin yana cikinta.

Tun shekarar da ta gabata ta fara nauyi. Idan na kunna ta sai ta yi minti huɗu da 'yan kai kafin ta gama tashi, na sa agogon waya na auna ba sau ɗaya ba. Ko ta tashin ma ba a gama ba, don da ka taɓa wani abu sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. A ƙarƙashin tafin hannuna na hagu ina jin wani sauti ƙasa-ƙasa, ƙirit-ƙirit, kamar ɓera na cin buhu. Sau biyu na kai ta aka yi mata fomat. Kowane karo takan yi sati biyu da dama-dama, sannan ta koma gidan jiya.

Abin da ya sa na tashi tsaye ya faru ne wata Talata cikin watan Agusta, ana tsakiyar kakar dankalin damina. Wani dattijo manomi da muka daɗe muna hulɗa da shi ya zo karɓar cikon kuɗinsa. Shi ya ce buhu 42 ya kawo a zuwa biyu, yaron Kawu ya ce 40 ne. Magana ce da layi ɗaya a cikin fayil zai kashe ta. Na kunna kwamfuta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutum yana tsaye a bakin rumfa rigarsa ta jiƙe, ni kuma na zuba wa da'ira ido tana juyawa. Minti biyar, minti bakwai. Ya dube ni, ya dubi Kawu, bai ce uffan ba, amma na ga abin da ke fuskarsa. Mutumin da ya baro Bokkos tun duhun asuba, idan ka ce masa ya jira na'ura ta buɗe, abin da kunnensa zai ji shi ne ana yi masa hanya-hanya. Da fayil ɗin ya buɗe, 42 ne, shi ke da gaskiya. Aka biya shi, ya yi godiya ya tafi. Kawu ya bari sai da muka rage mu biyu sannan ya ce, “Ɗana, ko dai ka gyara abin nan ko mu koma littafi. Ba na so a riƙa tsayar da mai haƙƙi a gabana.”

Washegari bayan azahar na hau keke zuwa titin Ahmadu Bello da niyyar taya wata kwamfutar. Abin da na ji ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, har 'yan gwanjon. A shagon farko ko buɗe ta ba su yi ba, suka ce ta gaji, in bar musu ita in cika kuɗi su ba ni wata. A na biyu aka ce bairos ne, a yi fomat. Na ce an yi sau biyu. Aka ce to ba a yi da kyau ba. Shago na uku wani abokina mai buga katin biki ne ya yi mini kwatancensa: a saman bene, cikin jerin shagunan masu waya da ke gangarawa wajen Terminus, ɗan ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da fitila mai dogon wuya, da yara biyu masu koyon aiki. Ban gaya wa mai shi zan yi rubutu a kansa ba, shi ya sa ba zan kama suna ba. Injiniya kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali, bai miƙa hannu ga sukurudireba ba. Ya ce in kunna ta da kaina, muka zauna muka jira tare har ta gama tashi. Sannan ya danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager, wato shafin da ke nuna nauyin da ke kan kowane sashe na kwamfutar, ya buɗe, ya juyo da fuskar kwamfutar wajena.

“Malam, duba nan,” ya ce.

Furosesa tana lilo tsakanin kashi 12 da 20 cikin ɗari. Ram ya ɗan haura 70. Layin faifai kuwa ya kafe a kan 100, ko motsi ba ya yi, alhali ba mu buɗe komai ba.

“Kwamfutarka ba ta gaji ba. Kanta lafiya lau, zaman jira take yi. Wanda take aika ya ɗauko mata kaya ne ƙafarsa ta mutu.”

Ya zaro filash daga aljihu ya buɗe wata 'yar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, wadda ke karanto rahoton da faifai ke rubutawa game da lafiyar kansa. Idan lafiya lau ne takan nuna shuɗi, idan an fara samun matsala ruwan ɗorawa, idan ya lalace ja. Nawa ruwan ɗorawa ne. Ta kuma nuna ya yi aiki sama da awa 19,000, wato kamar a bar shi a kunne dare da rana fiye da shekara biyu, kuma wasu gurabe a jikinsa sun mutu har ya fara kwashe abin da ke cikinsu yana mayarwa wani wuri. A nan gabana ya faɗi. Ni nawa na zo gyarawa, ashe lissafin shekara huɗu ne ke zaune a kan abin da ya fara rubewa.

Ga yadda na fahimci bayaninsa. A cikin tsohon faifan akwai faranti na gaske da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan siririn hannu da ke yawo a samansa yana neman inda aka rubuta abu. Duk lokacin da Windows ke son wani ɗan fayil, kuma wajen tashi dubbai take nema, sai hannun ya matsa, ya jira farantin ya juyo da wurin, ya karanta, ya sake matsawa. Duk wanda ya taɓa loda mota da ɗan dako ɗaya, buhunan kuma a warwatse lungu-lungu cikin sito, ya san yadda rana ke faɗuwa a haka. SSD, sabuwar irin ma'ajiyar da ake sawa a madadin wannan faifan, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙwayoyin ajiya ne irin na cikin waya, duk inda abu yake miƙa hannu ɗaya ne. Injiniya ya tambaye ni ko ina kashe ta kafin in sa a jaka. Na ce nakan rufe murfi ne in cusa ta nan take in tari keke zuwa Anguwar Rogo. Ya girgiza kai. Farantin bai gama tsayawa ba ka fara jijjiga shi, kullum, shekara huɗu. Fomat kuwa shara ce kawai a cikin sito, ba ta ƙara wa ɗan dako ƙafa.

Na ce to a sa SSD ɗin. Ya ce sai ya ga cikinta tukuna, don ba kowane ke shiga kowace kwamfuta ba. Wannan wurin nake so mai karatu ya tsaya a kai, domin a nan mutane ke asarar kuɗi. Akwai SSD mai siffar tsohon faifan, inci biyu da rabi, da ke shiga mazaunin da tsohon faifan ke zama, wanda ake kira SATA. Akwai kuma siriri mai kama da sandar cingam, M.2, wanda mafi yawansa faɗin milimita 22 ne da tsawon 80. Shi M.2 ɗin ma iri biyu ne, akwai mai tafiya da SATA akwai mai tafiya da NVMe, a ido kusan ɗaya suke, amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Ya nuna mini guda biyu a cikin aljihun tebur, na mutanen da suka yi oda ta intanet saboda sun ji ana cewa NVMe ya fi gudu, suka zo aka buɗe kwamfutarsu babu ramin. Akwai ma wasu ƙananan kwamfutoci masu araha, masu ajiyar 32GB ko 64GB irin ta eMMC, waɗanda aka like ma'ajiyar a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfutar, babu abin da za a cire balle a sauya. Wanda zai saya wa ɗansa irin waɗannan ya san da haka tun kafin ya biya.

Kafin ya kwance noti ɗaya, ya miƙo mini kwamfutar ya ce in kwashe duk abin da ba na so in rasa in zuba a filash ɗina, da hannuna. Ya tashi ya koma gyaran wata, ya ba ni baya. Foldar lissafi ba ta kai 2GB ba, amma faifan ya ɗauki kusan minti ashirin yana miƙo ta. Hotunan iyali da takardu sun fi haka yawa, muka bar su sai daga baya.

Sai aka buɗe. An cire batir, an zare mazubin DVD, an kwance notina har da waɗanda ke ɓoye ƙarƙashin robar ƙafafu, sannan aka bi gefe-gefe da tsohon katin ATM ana ɓamɓare murfin. Tawa ba ta da ramin M.2 ko ɗaya, mazaunin SATA kaɗai ne. Fankar kuma ta toshe da ƙurar hunturu ta shekaru, ta dunƙule kamar auduga. Ya sa aka hure ta aka goge, bai caje ni ko kwabo a kan wannan ba.

Da ya tabbata SATA ne, ya fito da abin da yake da shi ya jera a kan tebur, ya fara da maganar da ba kowane mai sayarwa zai faɗa ba: mazaunin SATA yana da iyakar gudu, wajen megabait 550 a daƙiƙa ɗaya, don haka ko na sayi mafi tsada ba zai wuce nan ba. Akwai Samsung 870 EVO mai 500GB, wanda ke da tasa 'yar ƙwaƙwalwar ta daban da ke taimaka masa idan aiki ya yi yawa, garantin shekara biyar. Akwai Crucial BX500 da Kingston A400, dukansu 480GB, garantin shekara uku, ba su da waccan 'yar ƙwaƙwalwar, shi ya sa suka fi sauƙin kuɗi. Sai wasu guda biyu masu sunayen da ban taɓa ji ba, farashinsu kusan rabi. Na ɗaga ɗaya ina juyawa.

“Ina sayar da su, don akwai masu nema,” ya ce. “Amma ka ce mini lissafin mutane ne a ciki. Araha ba ta ado, Malam. Wannan in ya mutu ba zan iya kallon idonka ba.”

Ya ce mai tace bidiyo ko mai kwafe manyan fayiloli kullum shi zai ga amfanin ƙarin kuɗin Samsung, mai Excel da wasiƙu ba zai ga bambanci ba. Na ɗauki Kingston A400. Kamfanin ya rubuta yana karatu da gudun megabait 500 a daƙiƙa, rubutu 450, kuma zai jure rubutun terabait 160 a tsawon rayuwarsa. Na taɓa jin ana cewa SSD ƙarewa yake yi kamar sabulu, shi ya sa na zauna na buga lissafin a waya. Ko da ina rubuta 10GB kullum, abin da ba na yi, sai na haura shekara 40 kafin in kai wannan adadi. Kwamfutar ce za ta riga shi tafiya. Garantin da ya fi mini amfani kuwa shi ne wanda zan iya takawa da ƙafata in nema, kuma Injiniya ya rubuta mini wata uku a kan rasit, ya sa hannu.

A gabana ya ɓare kwalin. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, don ana sayar da tsofaffin da aka cire daga wasu kwamfutoci a matsayin sababbi, akwai kuma na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Da aka gama haɗawa ya sake buɗe CrystalDiskInfo: shuɗi, lafiya kashi 100, awannin aiki sifili. Sai na ga Windows ta rubuta 447GB maimakon 480, na ɗago kai. Ya yi murmushi ya ce kowa a nan yake ɗagowa. Masu ƙera shi da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024 take ƙirgawa. Hatsin ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. Tsohon nawa mai 500 ma 465 yake nunawa, ban dai taɓa lura ba.

Hanya biyu ce ake bi wajen mayar da aiki kan sabuwar ma'ajiya. Ko a kwafe komai yadda yake, Windows da manhajoji da fayiloli, abin da suke kira kulonin, ko a ɗora sabuwar Windows daga tushe. Ya ce da faifana shuɗi ne da kulonin zai yi, in koma gida in tarar da komai inda na bar shi. Amma faifan da ya fara mutuwa yakan tsaya a tsakiyar kwafi, ko ya kwaso ɓarnarsa ya kawo sabon wuri. Muka tsaya a kan sabuwa. Ɗorawar ba ta wuce minti ashirin ba, duk da an ɗauke wuta a tsakiya sai da aka tada janaretan bene. Lasisin Windows kuwa yana ɗaure ne da bod, ba da faifai ba, don haka da aka jona ta da intanet ta tabbatar da kanta.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Na miƙe zan fita, sai ya ɗauko tsohon faifan ya naɗe a takarda ya miƙo mini. “Sa a aljihu, ka tafi da shi masallaci. Sirrinka ne.” Na daɗe ina tuna wannan. Na san shagunan da ke riƙe tsohon faifai su ce sun rage maka kuɗin aiki, alhali a cikinsa akwai hotunan matarka da 'ya'yanka, da hoton katin shaidarka, da sunan duk wanda ake bi bashi. Goge fayil ba ya nufin ya tafi, wanda ya san hanya zai iya dawo da shi. Kada wanda ya bar nasa a shago, ko nawa aka ce za a rage masa. Ni na ƙara kuɗi na sayi ɗan gidan roba mai wayar USB, wanda suke kira kesin, aka sa tsohon a ciki, na kwashe sauran hotuna da takardu a gida cikin dare biyu.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, don ba zan ɓoye ba. An ce mini awa ɗaya, na yi uku da rabi, saboda Injiniya shi kaɗai ne gwani kuma duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya saurare shi. Wajen ɓamɓare murfi yaron shagon ya karya ɗaya daga cikin 'yan haƙoran robar da ke riƙe shi, har yau kusurwar dama tana ɗan buɗe baki. Injiniya da kansa ya nuna mini tun ban gani ba, ya rage naira 1,000 a kuɗin aiki, amma da shi ya buɗe da hannunsa da ba a yi haka ba. Ɗaya yaron kuma, da aka bar masa ƙarasawa, ya loda mini manhajojin da ban nema ba, har da masu maganin bairos guda biyu da ke ta faɗa da juna, alhali Windows tana da nata a ciki. Sai da na zauna na cire su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ba a gaya mini dalla-dalla abin da sabuwar Windows za ta tafi da shi ba. Na isa gida na tarar babu Office, babu kalmomin sirrin da burauza ta riƙe mini, firinta ba ta san kwamfutar ba, madannan Hausa da nake rubuta ƙ da ɗ da ɓ da su ma sai da na koma saitin harshe na sake ƙara su. Washegari kuma akwai lodi. LibreOffice ce ta cece ni, kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Excel, da ita na yi aikin mako guda kafin in lalubo lambar lasisina a cikin tsohon imel. Minti biyu na bayani da sun hana wannan. Wanda zai je, ya rubuta kalmomin sirrinsa da lambobin lasisinsa a takarda tun daga gida.

Kuɗin da na kashe: SSD naira 47,000, aiki 4,000 bayan ragi, kesin 6,000. Jimla 57,000, Kawu ya biya rabi. Farashin watan Agustan 2025 ne wannan, kayan nan kuma da dala suke tafiya, mutum ya taya da bakinsa.

To me aka samu? Tashi ya dawo daƙiƙa 22, daga danna maɓalli zuwa lokacin da zan iya fara aiki. Na sake aunawa jiya, cikin sanyin Janairu, 24 ne. Babban fayil ɗin lissafi, mai shafin kowane wata tun daga farko, yana buɗewa kafin in gyara zama. A shago an gwada gudun karatu da CrystalDiskMark, tsohon bai kai megabait 90 ba, sabon ya kusa 500. Amma ba wannan lambar ce ke sa ka ji kamar an sauya maka kwamfuta ba, ƙananan abubuwa ne: ka danna folda ta buɗe, ka nemi sunan manomi ya fito, ka adana fayil ba tare da ka riƙe numfashi ba. Ƙirit-ƙirit ɗin nan ya tafi, wurin da tafin hannuna ke zama ya daina ɗumi. Batir ya ƙara kamar kwata na awa, ba wani abin kirki ba, tsohon batir tsoho ne.

Akwai abin da bai sauya ba, kuma gara a sani. Intanet yana nan yadda yake, don wani maƙwabcinmu a kasuwa ya ɗauka SSD zai hana masa bidiyo tsayawa a YouTube, na ce masa wannan maganar sabis ce. Idan na buɗe shafuka goma a Chrome, ga WhatsApp, ga Excel, ram 4GB yana cika, kwamfutar ta fara jan ƙafa, ko da yake yanzu takan farfaɗo da wuri. Sannan sabuwar ma'ajiya ba ta mayar da furosesa sabuwa. Windows 11 tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama, tawa ta shida ce, Microsoft kuma ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai a lokacin ta ba da ƙarin shekara ɗaya na sabuntawar tsaro ga wanda ya yi rajista, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Injiniya ya faɗa mini wannan tun kafin in biya, ya ce in sani lokaci nake saya, ba sabuwar kwamfuta ba. Na yi rajistar. In lokacin ya yi na sami wata, SSD ɗin zai iya bina, ko a cikinta ko a cikin kesin.

Da zan sake, abu ɗaya zan canza. Na sayi 480GB ne don tsoron kada wuri ya ƙare, ga shi bayan wata biyar, da Windows da hotuna da komai, 118GB kawai na ci. Mai 240GB, wanda ke nuna 223, da ya ishe ni har da sarari, ragowar kuɗin in zuba a ram, inda yanzu takalmin ke matsa mini. Mai tara finafinai ko hotunan biki lissafinsa daban ne, kuma ko wane ne ya bar wa SSD kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai, don idan ya cika maƙil yana rage gudu.

Gargaɗin da Injiniya ya yi mini a bakin ƙofa shi na fi riƙewa. Tsohon faifai kafin ya mutu yakan yi ƙara, ya yi nawa, ya ba ka alama, kamar yadda nawa ya yi shekara guda yana yi ban gane ba. SSD sau da yawa shiru yake tafiya, ka kwana da shi lafiya ka tashi kwamfuta ba ta ganinsa, kuma ciro abin da ke ciki ya fi wuya. Saboda haka duk Juma'a in na dawo masallaci nakan kwafe foldar lissafi a filash, in kuma tura ta Google Drive, inda ake ba da 15GB kyauta. Tsohon faifan ba na ajiye komai a kansa da sunan madogara, tunda na ga ruwan ɗorawan da idona.

Makon jiya dattijon nan na Bokkos ya kawo na rani. Da ya zo karɓar kuɗi na buɗe murfin a gabansa, kafin ya gama gaisawa da Kawu sunansa yana kan fuskar kwamfutar. Na juyo masa da ita, na bi layin da yatsa ina karanta masa: ranar da ya kawo, buhu 28, abin da ya karɓa, abin da ya rage. Ya ce haka ne, ya ƙirga kuɗinsa ya sa a aljihu. Rasit ɗin shagon yana cikin jakar kwamfutar, a bayansa Injiniya ya rubuta mini irin ram ɗin da za ta ɗauka, don ya ga akwai rami ɗaya da babu komai. In an sallami motar Fatakwal ta ƙarshen wata zan koma, kuma zan roƙe shi ya buɗe murfin da hannunsa.